Hukuncin zuwa Samaru kallon wasan kwaikwayon ɗalibai da cin abinci a otal bayan an tashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Unguwar Sanusi ne a nan Kaduna, kuma ina da 'ya da take shekara ta uku a sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ta gayyace mu, ni da mahaifiyarta, mu je Samaru mu kalli wasan da ajinsu zai gabatar, wanda malamansu za su ba su maki a kansa. Ta ce labarin a kan illar auren dole ne, ita ce amarya, wani ɗan ajinsu kuma shi ne ango, har akwai wurin da zai riƙo hannunta ya ja ta zuwa ɗaki. Bayan an tashi, iyayen ɗalibai za su haɗu su ci abinci a wani otal da aka ce yana da mashaya a gefe. Yayana ya ce duk wasan kwaikwayo ƙarya ne, mai yi da mai kallo zunubinsu ɗaya, kuma in na je babu ni babu shi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka tambayi hukuncin zamanka a wurin kallo, amma abin da ya fi nauyi a wasiƙarka shi ne wanda ka faɗa a wuce, wato cewa saurayin da ba muharraminta ba zai riƙe hannun 'yarka a gaban jama'a. A kan wannan hukuncin yake juyawa. Sai dai dole in fara da maganar yayanka, tunda ita ce take neman raba zumunci.

Yayanka ba shi ya ƙirƙiro wannan ra'ayi ba. Akwai manyan malamai da suka haramta wasan kwaikwayo gaba ɗayansa, irin su Ahmad al-Gumari na Maroko da Shaikh Bakar Abu Zaid na Saudiyya wanda ya rasu a 2008, kuma kowannensu ya yi rubutu na musamman a kan mas'alar. Akwai kuma waɗanda suka halatta shi da sharuɗɗa, irin su Rashid Rida wanda ya rasu a 1935 da Shaikh Ibn Usaimin wanda ya rasu a 2001. Maganar waɗannan na biyu ita nake gani ta fi ƙarfi, duk da girman na farko a wurinmu.

Babbar hujjar masu hanawa ita ce ɗan wasa yana cewa shi sarki ne alhali ba sarki ba ne, don haka ya yi ƙarya. Amma ƙaryar da shari'a ta haramta ita ce mutum ya ba ka labarin da ya saɓa wa gaskiya domin ka gaskata shi, kuma babu wanda zai zauna a wurin wasan ɗalibai yana zaton ɗaurin auren gaske ake yi a gabansa, domin mai magana da mai sauraro duk sun san misali ake bugawa. Malamin rabon gado kullum yana cewa wani ya mutu ya bar mata da 'ya'ya biyu da uwa alhali babu wanda ya mutu, malamin nahawu kuma ya shekara yana cewa Zaidu ya bugi Amru, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira su maƙaryata ba. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ƙissar masu husuma da suka hauro wa Annabi Dawuda a cikin Suratu Sad, ɗaya yana cewa ɗan'uwansa yana da tumaki casa'in da tara shi kuma yana da guda ɗaya, kuma mafi yawan malaman tafsiri sun tafi a kan cewa mala'iku ne, ba su da tumaki ba su da husuma. Haka mala'ikan da ya zo wa kuturu da mai sanƙo da makaho a siffar matafiyin da guzurinsa ya yanke, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Idan aka ce mala'iku da umarnin Allah suke aiki, ba a ƙiyasta mutane a kansu, sai mu ce gaskiya ne da umarni suke aiki, amma Allah ba ya umarni da ƙarya, saboda haka umarnin da kansa shaida ne cewa wannan siffa ba ƙarya ba ce. Idan kuma ana neman misali daga mutane, ga Annabi Sulaimana da ya ce a kawo masa wuƙa ya raba jariri tsakanin mata biyu alhali bai yi nufin yanka shi ba, ga kuma Abdullahi ɗan Mas'udu yana cewa kamar yana ganin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kwaikwayon wani annabi da mutanensa suka doke shi, yana share jini daga fuskarsa yana nema musu gafara.

Hadisin da ya yi narkon azaba ga mai yin ƙarya domin ya ba mutane dariya yana magana ne a kan wanda ya kawo ƙagaggen labari a matsayin abin da ya faru. Hadisin Nana A'isha kuwa, wanda Annabi ya nuna ƙinsa ga kwaikwayon mutum, a kan kwaikwayon wani sananne ne domin a muzanta shi, kuma wannan giba ce ko a kan dandamali ko a zaure. A nan masu hanawa suna da gaskiyar da ba za a ƙwace musu ba, domin wasanni da yawa ba su da abin dariya sai malami mai rawani da aka mayar mayaudari, ko Bafulatani ko Bagwari da aka mayar wawa, kuma duk wasan da aka gina a kan izgili da addini ko da wata ƙabila haramun ne yinsa da kallonsa. Saura hujjarsu ta cewa asalin abin daga bukukuwan gumakan Girkawa yake, wannan ba ta zaunu a ƙasar Hausa ba, inda yara suke tashe bayan goma ga watan azumi, ake kuma wasan gauta a fada, tun kafin zuwan Turawa. Ko da ma an sallama asalin, al'adar da ta rabu da bautar da ta haife ta, ta zama abin da kowace al'umma take yi, ba a yi mata hukuncin kamanceceniya da kafirai.

Saboda haka wasan kwaikwayo hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa, kuma fita kallo da iyali ba laifi ba ne a kan kansa, tunda Nana A'isha ta kalli Habashawa suna wasa da māsu a masallaci Annabi yana kāre ta. Fitowa a matsayin annabawa, da namiji ya yi shigar mata ko mace ta yi shigar maza, da bayyana tsiraici, waɗannan haramcinsu ba ya bukatar dogon bayani. Idan kiɗa da rawar maza da mata su ne ginshiƙin wasan, ko za a kira iskoki da kirarin bori na gaske, to ba wurin zamanka ba ne.

Yanzu ga maganar 'yarka. Dalilin da ya wanke wasan daga ƙarya shi ne kowa ya san auren ba na gaske ba ne, kuma wannan dalilin shi ne yake haramta riƙon hannun, domin magana tana iya zama misali amma taɓawa ba ta zama misali: hannun da aka riƙe an riƙe shi da gaske, kuma saurayin yana nan a matsayinsa na ajnabi kafin wasa da lokacin wasa da bayansa. Annabi bai yi musafaha da mata ba ko a wurin mubaya'a, wadda ta fi kowane maki muhimmanci, kuma neman maki ba larura ba ce da take halatta abin da aka hana. Ka kuma tuna cewa abin da za ka gani sau ɗaya an maimaita shi sau da yawa a wurin gwaji, don haka ka tambaye ta da lalama wane lokaci suke gwajin, a ina, kuma ko yakan rage daga ita sai shi.

Gyaran wannan ba mai wuya ba ne. Ta je wurin malamin da ke kula da wasan da ladabi ta nemi a sauya wurin, kuma tana da hujjar da ta fito daga al'adar da labarin yake nunawa, domin a auren Hausawa ba ango ne yake jan amarya zuwa ɗaki ba, gwaggwanninta da ƙawayenta ne suke kai ta. Idan mace ce ta riƙo ta, saƙon auren dole bai ragu da komai ba. Idan aka gyara, tufafinta kuma suka suturta ta, ka je kai da mahaifiyarta, babu zunubi a kanku in sha Allahu. Idan aka ƙi, ta nemi wani matsayin a cikin wasan ko wani aikin a bayan fage, irin su rubutu da tsara dandamali da kula da tufafi. Idan kuwa wurin ya tsaya yadda yake kuma ita ce a ciki, to kada ka je, domin wani baƙo yana iya kawar da kansa ya ce bai sani ba, amma kai waliyyinta ne, ka sani tun kafin ka bar Kaduna, kuma zamanka a wurin amincewa ne. Ina kuma yi maka nasiha kada ka mayar da wannan dalilin cire ta daga makaranta cikin fushi, domin shekara uku kana biyan kuɗin wannan karatu ba ka tambayi abin da ake yi a cikinsa ba, ba adalci ba ne a ɗora mata nauyin shirunka a dare ɗaya.

Akwai wani abin da ba ka tambaya ba. Idan a Drama Village za a yi wasan, wato dandalin nan na ginin ƙasa da wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, ya tsara wa jami'ar a tsakiyar shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, to 'yan kallo suna zama dab da 'yan wasa, kuma an san sashen da salon wasan wayar da kai wanda ake jawo masu kallo su sa baki. Idan wani ya ga uban amarya na gaske yana wurin ya nemi ka taso ka ba da aurenta don nishaɗi, kada ka kuskura. Ɗalibin da ya fito a matsayin uba maganarsa ba ta ƙulla komai, amma kai waliyyi ne, ga shaidu cike da wuri, kuma hadisi ya zo cewa abu uku gaskensu gaske ne, wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. Kada kuma ka ɗauki hoton bidiyon 'ya'yan mutane ka watsa a Facebook ko WhatsApp.

Game da salla, irin waɗannan wasanni sukan faɗo da yamma, sai Magariba ta wuce mutane suna zaune. Ka zauna kusa da ƙofa da alwalarka, in lokaci ya yi ka fita, ko da 'yarka ce take magana. Nisan ƙasaru a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya na Ibn Abi Zaid, mil 48 ne, wanda ake kimantawa da kilomita 80 ko fiye, kuma tsakanin Kaduna da Zariya yana bakin wannan iyaka, yana ma gazawa idan aka ƙirga daga inda gidajen Kaduna suka ƙare bayan Kawo, saboda haka ka cika sallarka. Rangwamen haɗa salloli biyu kuwa na matafiyi ne saboda wahalar hanya, ba na wanda ya sauka ya zauna kallo ba.

Cin abinci a gidan abinci halal ne, kuma naman garin Musulmi irin Zariya ba a bin diddiginsa sai in akwai alamar da ta sa shakka, kamar wurin da aka san ana dafa alade. Batun giya kuwa, hadisin Jabir da Tirmizi ya ruwaito ya hana mai imani zama a teburin da ake zagayawa da giya a kansa, kuma mai Risala ya ce ko walimar aure ana amsa ta ne in babu munkari bayyananne. Idan mashayar ɗaki ne daban, ba a kawo giya inda kuke, cin abincinku ya halatta, ko da yake wani wurin ya fi. Idan zaure ɗaya ne ana sha a teburan da ke kewaye da ku, ku nemi wani wuri, domin Samaru da cikin gari ba su rasa gidajen tuwo da masa da gasasshen nama ba. Abin da nake jiye maka shi ne taron iyaye ne masu addinai daban-daban, wani zai iya yin odar kwalba a kan teburinku bayan kun fara ci. Ka yi magana da masu shirya taron tun da wuri, in kuma hakan ta faru ka tashi da iyalinka cikin mutunci ba tare da cin fuskar kowa ba.

Shi kuma yayanka, yana da damar ya bi masu hanawa ya ƙi zuwa, amma ba shi da damar yanke zumunci a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani, kuma ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku haramcinsa babu saɓani a ciki. Kai ne ƙarami, ka same shi a gida kafin tafiyar, ka gaya masa sharuɗɗan da ka gindaya wa 'yarka, domin mai yiwuwa kishin 'yar ne yake damunsa fiye da hukuncin wasan. Idan dare ya yi muku a Zariya, ku kwana a can ku kamo hanya da safe.

Allah ne Mafi sani.