Burauza uku na gwada, duk kanwar ja ce

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ƙanena ya sa mini Linux Mint, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, a tsohuwar kwamfutata. Akwai shafin da nake cike wa ɗalibaina fom, amma maɓallin aikawa ya ƙi dannuwa a Chromium. Na sauke Brave, na sauke Opera, duk kanwar ja ce, data kuma ta ƙare. Ina mafita? Daga wata malama a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Datar nan taki ta ba ni tausayi, domin abu ɗaya kika gwada sau uku. Kowace burauza tana da inji a cikinta, shi ke karanta shafi ya zana miki shi a allo. Chromium da Brave da Opera duk inji ɗaya ke jan su, sunansa Blink, wanda Google ya tsago daga wani inji mai suna WebKit a 2013. A shekarar ce ma Opera ta ajiye nata injin, Presto. Edge, burauzar Microsoft, ta bi sahu a 2020. Fenti ne ya bambanta, motar ɗaya ce.

Maganin kuwa yana cikin kwamfutarki tun ranar farko. Mint tana zuwa da Firefox, ita kuma injinta daban ne, Gecko na Mozilla. Ki buɗe fom ɗin a can tukuna. In ya ƙi, ki shiga Software Manager ki nemi GNOME Web, wadda ake kira Epiphany. Tana amfani da WebKit, dangin injin Safari, burauzar Apple. Abin da ke burge ni, shi WebKit ɗin asalinsa daga injin KHTML ne na mutanen KDE, masu gina manhajojin Linux, wato a gidan Linux aka haifi kakan Chrome, burauzar Google da aka gina a kan Chromium.

Ni a tawa kwamfutar mai RAM giga 4, biyu na bari: Firefox don aikin yau da kullum, Chromium don shafin da ya yi gardama. Ba na buɗe su tare, don fanka sai ta kama kuka. Ki goge Opera da Brave ki samu wuri.

Idan injinan uku duk sun gaza, to daga shafin ne. Ki ɗauki hoton allon ki tura wa masu kula da shi, ki faɗa musu burauzocin da kika gwada.