Hitar sola ta daina ba da ruwan zafi da asuba, ko ta lalace ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a wani ƙauye kusa da Ringim, Jihar Jigawa. A watan Afrilu na sa aka ɗora mini hitar ruwa ta sola a kan rufin banɗaki, irin mai kwalabe 15 da tanki kwance a samansu. Da farko ruwan har ƙona hannu yake. Tunda sanyin nan ya shigo kuwa, da asuba ɗan ɗumi kawai muke samu. Ga shi iyalina ta haihu, ana wankan jego safe da yamma, mun koma sayen itace. Ruwanmu na burtsatse ne. Wanda ya haɗa mini ya ce sai an canza kwalaben duka.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya.

Kada ka ba da kuɗin kwalabe tukuna, Malam. Da wuya ƙwarai kwalabe 15 su mutu tare cikin wata takwas, kuma kai da kanka za ka iya tantancewa. Kowace kwalba bango biyu gare ta, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, kamar filas ɗin shayi. Hau ka leƙa gindinta: idan yana ƙyalli kamar azurfa, lafiyarta ƙalau, idan ya koma fari fat kamar an shafa alli, iska ta shiga, ta mutu. Ko ka taɓa su da tsakar rana. Mai lafiya ba za ka ji zafi a jikinta ba, domin ta riƙe shi a ciki, wadda ta yi ɗumi a hannunka ita ce ke zubar da shi. In ka sami ɗaya ko biyu haka, su kaɗai za a canza.

Ni abin da na fi zargi shi ne wankan jegon kansa. Mu yi lissafi. Hita mai kwalabe 15 tankinta bai cika wuce lita 150 ba, wato jarka shida ta lita 25. Da la'asar ruwan ya kai iyakar zafinsa, sai a ɗebi na mai jego, a ɗebi na yara, wataƙila har da na wanke-wanke. Duk bokitin da ya fita, bokitin ruwan sanyi ne ke shiga daga babban tanki ya maye gurbinsa, ga rana ta faɗi, babu abin da zai sake dafa shi sai gobe. Haka za su kwana suna gauraya. Da bazara ba ka lura ba, saboda ruwan da ke shigowa shi ma da ɗuminsa, kuma wa ke neman ruwan zafi a Afrilu? Yanzu kuwa ruwan babban tanki ya kwana a sanyin hunturu.

Maganin ya danganta da yadda aka yi maka haɗin. Rufe bawul ɗin da ke kai ruwan sanyi cikin hitar, ka buɗe famfon zafi. In ruwa ya ci gaba da zuwa, ka huta: riƙa rufe shi da la'asar kafin a fara ɗiba, ka buɗe da sassafe bayan wankan safe, kafin rana ta yi ƙarfi. In ruwan ya ɗauke, to naka sai sanyi ya turo zafi yake fita. A nan sai a tari ruwan safe tun da la'asar a zuba a babbar kula, irin ta abincin biki, a rufe. Kuma a daina cika bokiti da zallar ruwan zafi ana jira ya huce. A ɗebi rabi a sirka.

Sai ƙura. Kowa ya san yadda gilashin mota ke wayar gari a Disamba da Janairu. Haka kwalabenka suke a kan rufi, sai dai su ba mai ganinsu. A goge su da jiƙaƙƙen tsumma mai laushi duk bayan kwana biyu ko uku, da sassafe. Ranar da hazo ya rufe gari har ana kallon rana ido da ido, wannan ba laifin kowa ba ne, ranar itace zai yi aiki.

Akwai kuma abin da masu haɗawa da yawa ke mantawa da shi, kuma ina jin haushinsa, domin tun ranar ɗorawa ya kamata a duba. A yankinmu, wajen ƙarshen Afrilu rana tsakiyar ka take bi, duk inda aka juya hita za ta yi aiki. A Disamba kuwa ta karkata kudu sosai, da tsakar rana ma tsayinta bai wuce digiri 55 daga ƙasa ba. Saboda haka darbejiya ko katangar maƙwabci da ke kudu da banɗakinka, wadda ba ta dame ka da bazara ba, yanzu inuwarta ta miƙe. Duba hitar da hantsi, da azahar, da kuma kafin la'asar. In reshe ne, a sassabe shi. Kwalaben kuma kudu ya kamata su kalla: ka fuskanci gabas, hannunka na dama ne kudu. In arewa aka juya su, aikin nan sai an sake.

Bi bututun zafi daga rufi zuwa banɗaki. In tsirara yake, a naɗe shi da soson bututu, a rufe soson daga rana. Famfon zafi mai ɗiga kuma kwana yake yana zubar maka da ruwan zafi, na sanyi na maye gurbinsa, a canza masa roba.

Batun burtsatse: duba cikin butar shayinku. In farin ɓawo na kama gindinta, yana taruwa a kwalaben ma. Wata takwas bai isa ya jawo abin da kake gani ba, amma duk shekara a zare su da sassafe, a wanke da ruwan khal, a shafa ruwan sabulu a bakinsu kafin a mayar, don kada robar tankin ta yage.

Abu biyu kuma ina roƙonka. Akwai ɗan bututu da ke tsaye a saman tankin, na numfashi ne. Wasu suna toshe shi don sun ga tururi ko ruwa na fita, wani lokaci kuma zanzaro ne ke gina ɗakinsa a ciki. In ya toshe, tankin na iya kumbura ko ya lotsa. A zura waya a share shi, a ɗaura masa 'yar raga. Na biyu, in burtsatse ta tsaya har hitar ta bushe, kada a sake mata ruwa da rana. Cikin busasshiyar kwalba yana haura digiri 200, ruwan sanyi na taɓa ta za ta fashe. A lulluɓe kwalaben da tabarma ko buhu, a cika da asuba.

Idan ruwan ya dawo da zafinsa, a kula da na jariri. Ruwa mai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fatar babba, balle ta jinjiri. A fara zuba na sanyi a baho, a ƙara na zafi a kai, mai wankan ta gwada da gwiwar hannunta. Shi kuma mai haɗin naka, in ya dage sai an canza kwalabe, ku hau rufin tare ya nuna maka farin gindi ɗaya bayan ɗaya.