Ba rediyonka ne ya lalace ba

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya me ya sa tashar da ke fita raɗau da asuba a mita 41 take ɓacewa da rana, ko rediyon ne ya tsufa. Kada ka kai shi gyara. Na daɗe a sana'ar gyaran rediyo, kuma na sha mayar wa mutane da nasu ban kwance ko noti ɗaya ba, saboda wannan ƙorafin.

Siginar gajeren zango ba kai tsaye take zuwa maka ba. Sama take tashi, ta daki wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, wanda masana ke kira ayonosfiya, sannan ta faɗo ƙasa. Wannan sashe hawa-hawa ne. Na ƙasa, tsakanin kilomita 60 da 90, da rana shanye sigina yake yi, musamman ta mita 41 da 49. Rana na faɗuwa sai ya watse. Na sama, wajen kilomita 300, shi ke dawo mana da magana.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake auna wurin alhali mutum na ƙasa. Kamar ka leƙa rijiya ka yi kira, ka gane zurfinta daga amsa-kuwwa. Akwai wata na'ura da takan cilla gajeriyar sigina sama tsaye, ta saurari dawowarta. In ta dawo bayan kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa, tafiya da dawowa kilomita 600 ke nan, wato hawan yana kilomita 300. Sai ta riƙa matsawa zuwa gajerun mitoci har ta ji shiru. Nan siginar ta huda ta wuce. Masana kimiyya Breit da Tuve ne suka fara wannan dabara a Amurka a 1925, bayan wani masani, Appleton, ya tabbatar da samuwar ayonosfiya a Ingila a 1924 ta amfani da siginar tashar BBC. A nan gida ma an taɓa kafa irin na'urar a Jami'ar Ilorin.

Irin wannan awo ne ke taimaka wa tashoshi zaɓen mita, shi ya sa kake jin suna sanar da canji ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba.

Gobe da azahar gwada mita 16 ko 19. Ka kuma ɗaura waya mai ɗan tsawo a eriyar, ka fitar da ita ta taga, nesa da cajar waya, don ita ma tana jawo ƙara sosai.