Ina ci ina ƙoshi, me ya sa ba ni da ƙarfi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da ciki wata shida. Abinci kam ina ci, ba na wasa da tuwo da shinkafa, amma ko guga biyu na ja a rijiya sai haki ya kama ni, zuciyata ta riƙa bugawa fat-fat, har jiri nake gani. A wurin awo an ce jinina ya yi ƙasa, aka ba ni ƙwayoyi. Surukata kuma ta ce wanda ke ci yana ƙoshi ba ya bukatar magani. Mene ne haɗin jini da ƙarfi?
Daga wata mai karatu a Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Ki sha ƙwayoyin nan kullum. Mama, wato surukarki, ta yi gaskiya cewa ƙarfi daga abinci yake, sai dai abinci shi kaɗai ba ya zama ƙarfi.

Tuwon da kika ci, hanji ne ke narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos, jini ya kwashe shi ya raba wa ƙwayoyin halittar jiki. A cikin ƙwayoyin nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna, mitokondiriya, inda ake sarrafa sukarin a fitar da ƙarfi. Aikin ba ya kammaluwa sai da iskar oksijin. Ki dubi murhunki: ko kin cika shi da busasshen itace, in iska ba ta shiga, hayaƙi za ki samu. Da oksijin, ƙwayar gulukos ɗaya tana ba da kusan 30 na sinadarin ƙarfi da ake kira ATP. Ba tare da ita ba, 2 kacal take bayarwa. Kin ga tazarar ba kaɗan ba ce.

To wa ke kai iskar? Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce. Daga huhu, himogulobin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini ne ke ɗaukar ta, shi kuma ba ya ginuwa sai da sinadarin ƙarfe. Mai ciki jininta ƙaruwa yake yi, ga jariri yana ɗibar nasa rabon, sai ƙarfen ya kasa isa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar himogulobin da ya gaza 11 a gwajin jinin mai ciki a matsayin ƙarancin jini, a tsakiyar ciki kuma 10.5. Masu dakon iska sun ragu, shi ya sa zuciyarki ke ƙara gudu, numfashinki ke ƙara sauri, don kaɗan ɗin da ke akwai su yi ta safa da marwa. Jirin kuwa ƙwaƙwalwa ce ke kuka, domin ita kaɗai tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin jiki.

Abin da ke damuna shi ne yawan matan da ke ajiye maganin saboda bayan gidansu ya yi baƙi. Wannan ba illa ba ce, aikin sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin ne. In yana tayar miki da zuciya, ki sha shi bayan kin ci abinci. Kada ki haɗa shi da shayi, domin shayi na hana hanji tsotsar ƙarfe. Lemon zaƙi ko gwaiba kuwa taimakawa suke yi. Ki ƙara da nama, kifi, wake, zogale da alayyahu gwargwadon hali. Ki kwana cikin gidan sauro, don zazzaɓin cizon sauro yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, ki kuma tambaye su maganin tsutsar ciki.

In kika ga hakin yana zuwa ko kina zaune, ko tafin hannunki da cikin idonki sun yi fari fat, ko ƙafafu da fuska sun kumbura, kada ki jira ranar awo. Ki tafi asibiti a ranar, kuma in da hali ki je da Mama ta ji bayanin da kunnenta.