Filin Tambayi Anti: Na ƙera 'yar tsana mai gaɓoɓi, in tura wa kamfani ko in zuba da kaina?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki taimaka min da shawara. Kusan shekara ɗaya kenan ina ƙera 'yar tsana irin mai gaɓoɓin nan da ake lanƙwasawa, wadda ake cewa BJD, da yumɓun La Doll da wata ƙawata ta aiko min daga waje, tsawonta santimita 42. Na sa hotonta a Instagram mutane suna ta tambaya ko ta sayarwa ce, har da wata daga Kanada, amma ita ɗaya ce tilo kuma wlh ba zan iya rabuwa da ita ba. An ce min akwai kamfanoni a Chana da Koriya da suke karɓar irin wannan su zuba miki kwafi da rezin, wato wani ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri. Ina tsoron turawa ta karye a hanya, kuma ina tunanin ko in sayi rezin ɗin in gwada da kaina tunda kuɗin nasu da dala ne. Ya kika gani?
Ƙanwarki daga Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ƙoƙari, duk wanda ya taɓa zama yana gurza ƙwallon gwiwa har ya zauna daram a cikin raminsa ya san shekara ɗayan nan ba wasa kika yi ba.

Abu na farko da nake so ki riƙe, kamfanin zubi ba ya gyara miki aiki, kwafa yake yi. Abin da kika tura shi zai dawo miki sau goma ko ashirin. Silikon ɗin da suke yin mazubi da shi, wato roba mai laushi da ake zubawa a kan ta asalin ta ɗauki siffarta, yana ɗaukar komai, shatin yatsa, ƙarzar samfefa, ɗan ramin da kika ce ai ba wanda zai lura, duk za su fito a jikin kowace ɗaya. To kinga kafin maganar Chana ko Koriya ma, sai kin tabbatar ta asalin ta gama haɗuwa. Ki zura mata robar da ke bi ta ciki ta haɗa gaɓoɓin, ki ɗaure ta yadda za a ɗaure ta ƙarshe, ki ga tana tsayuwa da kanta? tana zama ba ta kifewa? hannu yana tsayawa inda kika ajiye shi ko yana tsalle ya koma? In gwiwa tana zamewa yanzu, a rezin ma haka za ta yi, wataƙila ma fiye, saboda rezin ya fi yumɓun nan santsi. Sannan ki fesa mata firaima, wato fentin share fage, irin su Mr. Surfacer, mai lamba 500 na cike ƙananan ramuka, 1000 ko 1200 na gamawa, launin tokan nan shi ke tona duk wani aibi da farin yumɓu yake ɓoyewa. Ki fesa, ki goge, ki sake fesawa, har sai kin gaji da ganinta. Firaimar kuma tana rufe yumɓun, don La Doll yana shan ruwa kuma silikon yana iya kama shi ya ɓantare.

Yanzu maganar zubawa da kanki. Ba zan ce miki ba zai yiwu ba, akwai masu yi a gida kuma aikinsu na kyau, amma ki san me za ki shiga. Rezin ɗin da ake 'yan tsanan nan da shi, tun daga 'yar tsanar Super Dollfie da kamfanin Volks na Japan ya fitar a 1999 har zuwa yau, shi ne foliyuritan, ruwa biyu ne ake haɗawa, wasu nau'in minti uku kacal kike da shi kafin ya fara daskarewa. Kuma ba ya shiri da laima ko kaɗan, da ya haɗu da danshin iska sai ya fitar da iskar gas ya cika da kumfa, to ki tuna yadda Kaduna take a watan Agusta. Masu sana'ar suna da injin zuƙe iska daga silikon, da tukunyar matsin iska da ake sa mazubin a ciki har rezin ya daskare don kumfar ta matse ta ɓace. In babu waɗannan za ki yi ta samun rami a kan hanci da yatsu, wuraren da ido ya fi zuwa. Sannan ki ƙirga gaɓoɓinta, kai da murfin kai, ƙirji, ƙugu, damtse biyu, sangalin hannu biyu, tafin hannu biyu, cinya biyu, ƙwauri biyu, ƙafa biyu, 16 kenan, in kin yi mata ƙwallon gwiwa da na gwiwar hannu daban sun zama 20, kowanne da nasa mazubin, kuma yawancinsu sai an bar rami a ciki inda roba za ta bi. Gaskiya in niyyarki sayarwa ce ga wadda za ta biya da dala, ni kamfani zan ce miki. In kuma koyo kike so, ki fara da abu ƙarami kamar tafin hannu ko takalmi, da takunkumi na sosai da safar hannu, a waje mai iska, ba a ɗakin da yara suke kwana ba.

Kuɗin kamfani kashi biyu ne, na yin mazubi da kuma na kowace 'yar tsana da aka zuba. Na mazubin shi ne mai ciwo don ko guda nawa za ki yi sai kin biya shi. A ce misali, misali kawai nake ba ki, mazubi ya ci dala 600, in guda 10 kika yi kowace ta ɗauki dala 60 tun kafin a zuba mata rezin, in 20 ne ta ɗauki 30. Shi ya sa suke da mafi ƙarancin adadin da suke karɓa. Amma shi ma mazubin silikon ba ya dawwama, zafin rezin yana cinye shi, yawanci bayan zubi ashirin zuwa talatin ya fara yagewa sai an yi sabo, don haka ki tambaye su guda nawa mazubi ɗaya yake fitarwa kuma wa zai biya na biyu.

Abin da yawancin masu ƙera su suke yi shi ne karɓar oda tun kafin a zuba. Ki biya a yi miki samfur ɗaya ko biyu, ki yi musu kwalliyar fuska ki ɗau hoto, sai ki buɗe oda na sati biyu ko wata ɗaya masu so su ba da kafin alƙalami. Amma dan Allah ƙanwata kuɗin mutane amana ne, ki faɗa musu watanni za a yi ba sati ba, ki ƙara a kan abin da kamfani ya ce miki, kuma ki sani masana'antun Chana suna rufewa lokacin sabuwar shekararsu wajen ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu. Ki sa kuɗin jirgi da na kwastan da hawa da saukar dala a lissafinki tun farko, kar ki zo ƙarshe ki ga ke ce kika yi wa mutane aiki kyauta har da cikon aljihunki.

Tsoron karyewa kuwa yana da dalili, ba a hanya kaɗai ba, wajen zare ta daga silikon ma yatsa ko kunne yana iya tafiya, kuma kamfanoni da yawa suna faɗa tun farko cewa ba su ɗau alhakin wannan ba. Ki kwance ta gaɓa gaɓa, ki naɗe kowace daban, ki rubuta hagu da dama, ki ɗau hoton kowace ta kowane gefe. In kina da hali a yi mata sikanin 3D, wato a ɗauki siffarta da na'ura, kafin ta bar hannunki, ko ba komai kina da ita a kwamfuta. Kar kuma ki yi mamaki in kwafin ya zo ya ɗan fi ta asali ƙanƙanta, rezin yana ɗan tsukewa, shi ya sa ake son ramin ido da na wuya su zama da ɗan sarari.

*

Anti barka da aiki. Ni nawa 'yan tsanan baƙaƙe nake so su fito, irin fatarmu, amma kamfanin da na tuntuɓa sun ce launi mai duhu akwai ƙarin kuɗi. Wannan ba raini ba ne kuwa?
Mai karatu daga Damagaram

'Yar'uwa na fahimci inda ya taɓa ki, kasuwar nan ta daɗe fari da ruwan hoda ne suka cika ta, wanda yake son baƙa sai ya yi ta jira. Amma ƙarin kuɗin yana da dalili na aiki. Launin a cikin rezin ɗin ake dama shi, in bai damu sosai ba sai jikin ya fito da zane zane kamar marmara, wanda a fari ba a gani amma a baƙi yana fitowa ɓaro ɓaro, to waɗanda ake zubarwa suna da yawa. Ga kuma layin da yake fitowa inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu, a farin rezin gogewa ake ya ɓace, a mai duhu in an goge wurin yana yin fari fari, har wasu kamfanoni ba sa yarda su goge shi sam. Don haka ki tambaye su ta ina layin zai bi, a karkatar da shi ta gefen cinya da cikin hannu inda kaya za su rufe. Ki aika musu abu mai launin da kike so a hannu ko lambar Pantone, wato lambar da masana'antu ke gane kowane launi da ita, kar ki dogara da hoton waya don kowace waya da yadda take nuna launi, kuma kar ki amince a zuba gaba ɗaya sai kin riƙe ɗan guntun samfur kin duba shi a hasken rana. Duk odar ki sa a zuba ta lokaci ɗaya, in aka raba launin ba ya zuwa daidai, sai kai ya bambanta da jiki. Ki faɗa wa masu saye su ɓoye ta daga rana, rezin yana sauya launi da daɗewa, kuma ranarmu ta Damagaram ba irin ta Seoul ba ce. Ni dai ina roƙonki kar ƙarin kuɗin ya sa ki fasa, ki sa shi a farashi, ina son in ga 'yar tsana mai fatar 'ya'yanmu da kitso da lalle wadda hannun 'yar gida ya ƙera.

*

Anti ance in ka tura aikinka waje suna iya satar sa su riƙa sayarwa da arha, gaskiya ne?
Ɗanki daga Kumasi

Satar tana nan ɗana, jabun da ake kwafa ba izini suna yawo a shagunan intanet da araha, kuma masu tara 'yan tsanan nan da yawa ba sa ko son ganinsu. Sai dai ɓarawon ba ya buƙatar ta asali, guda ɗaya zai saya a kasuwa ya yi mata mazubi. Ta ɓangaren kamfani, ka nemi wanda wasu masu ƙira suka yi aiki da shi ka tambaye su da kanka, ku rubuta yarjejeniya cewa ƙirar taka ce, ba za a zuba ko ɗaya sama da adadin da ka biya ba, kuma za a dawo maka da ta asalin. Ka sassaƙa sunanka ko tambarinka a cikin murfin kai tun a yumɓu, ka ba kowace 'yar tsana lamba da takardar shaida, hotunan aikin kuma tun daga ranar da ka fara murza yumɓu ka adana su da kwanan wata.