Hutun yara a birni: wace unguwa za mu sauka?

Hutun ƙarshen shekarar karatu ya gabato, wasiƙun da suka shigo kuma yawancinsu a kan tafiya da yara birni ne. Ga uku daga ciki.

Ta farko daga wani magidanci ce a ƙasar Ringim: "Assalamu alaikum. Ni manomi ne, ina kuma taɓa kasuwancin hatsi. Ina da saurayi ɗan shekara 17 da 'yan mata biyu, mai 15 da mai 13. Sun yi ƙoƙari a jarrabawa, na yi musu alkawarin mako guda a Kano tare da mahaifiyarsu. Sai dai ina da hawan jini, hayaniya ba ta yi mini. An ce in nemi masauki can bayan gari, wajen Rijiyar Zaki ko Mariri. Wace unguwa ce ta fi shiru?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka, ya ƙara maka lafiya.

Shiru dai kana da shi a gida, irin wanda babu unguwar Kano da za ta ba ka. Su kuwa yaran birni suke ɗokin gani. Don haka masaukin da zai yi muku duka shi ne wanda darensa ke da shiru, amma da gari ya waye hawa ɗaya na adaidaita sahu ya isa ya kai ku inda ake harka. Da wannan ma'aunin, ban ba ka shawarar bayan gari ba. Ku biyar ne, kuma tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin birnin Kano, saboda haka duk fita sai adaidaita biyu ko shatar mota. Daga Rijiyar Zaki sai kun ratsa Kabuga kafin ku shigo gari, daga Mariri sai kun bi ta Hotoro, kullum zuwa da dawowa. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a kuɗin mota. Kwana biyu za ka gaji ka ce yau a zauna, yaran su ƙare hutu suna latsa waya a ɗaki, abin da za su iya yi a Ringim kyauta.

Inda zan fara duba maka shi ne cikin Nassarawa GRA. Turawan mulkin mallaka ne suka yanka ta don mazauninsu, shi ya sa filayen suke da faɗi, titunan a miƙe, ga manyan bishiyoyi. Motar Ringim a 'Yankaba za ta sauke ku, daga nan kuwa babu nisa. Ga mai hawan jini akwai wani dalilin da ya fi inuwa muhimmanci: asibitin Nassarawa yana cikin unguwar, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma yana kan titin Zariya, tafiyar mintoci. In kuɗin Nassarawa ya yi maka tsada, ka duba layukan ciki na Tarauni, ko Hotoro GRA, ko bayan Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi, wanda shi ma ya fi kusa da Zoo Road. Sabon Gari da Fagge da kewayen Kantin Kwari wuraren kasuwanci ne, masauki yana da yawa kuma akwai mai sauƙi, amma ba na mai neman barci da wuri ba ne.

Sai dai kada sunan unguwa ya rufe maka ido. Shiru na layi ne, wani lokacin ma na gida ɗaya. A cikin GRA ɗin kanta tsofaffin gidaje da yawa sun koma makarantu da ofisoshi da ɗakunan taron biki. Idan masaukinka ya haɗa katanga da ɗakin biki, daga Alhamis zuwa Lahadi kiɗa ne har dare ya raba. Haka gidan da ke bakin babban titi irin Hadejia Road ko titin Maiduguri, inda tireloli ba sa hutawa. Layi biyu ko uku daga titi, sai ka ji kamar wani garin ka shiga. Hoton da za a turo maka a waya da rana aka ɗauke shi, kuma hoto ba ya ɗaukar ƙara. Ka samu wani naka da ke Kano, ko abokin cinikinka na kasuwar hatsi ta Dawanau, ya je wurin ranar Juma'a ko Asabar bayan sallar isha'i, ya tsaya minti goma ya saurara. Gani ya kori ji.

In ya je, ya tambayi wuta. Babban abin da ke hana barci a masaukin birni janareta ne, naka ko na maƙwabci. An kasa layukan lantarki rukuni-rukuni: na rukunin A an ce a ba su aƙalla awa 20 a rana, shi ne ma aka ɗaga musu farashi a watan Afrilun 2024, na B awa 16, har zuwa na E mai awa 4. Alkawari ne a takarda, ba kullum ake cika shi ba, amma sanin rukunin zai nuna maka yawan awannin da inji zai yi yana ruri. Wanda ya fi shi ne gidan da ke da sola da batir, fanka ta kwana tana juyawa ba ƙara ba hayaƙi. A otal kuma ka nemi ɗakin da ya yi nesa da ɗakin injin. Wanda ka aika ya tambayi ruwa ma, ko akwai rijiyar burtsatse da tanki, ya buɗe famfo ya gani da idonsa. Tun da hutun ya faɗo cikin damina, kuma Agusta ne watan da Kano ta fi samun ruwan sama, ya dubi gindin katanga. Idan akwai shatin ruwa a jiki, layin yana cika ke nan. Gidan sauro kuwa ku taho da naku.

Akwai zaɓin da ba ka tambaya ba, amma shi zai fi taɓa aljihunka: otal ko gidan haya na kwanaki. Saurayi ɗan 17 ba zai kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa mata ba, kai da Hajiya kuma kuna buƙatar naku, wato ɗaki uku ke nan a otal, sannan abinci sau uku na mutum biyar a saya. Yanzu a waɗannan unguwanni ana samun gida mai ɗaki biyu ko uku da falo da kicin, da kayansa, ana biya kwana-kwana. Ga iyali irin naka shi ya fi sutura, ya fi sauƙi. Kai da ke da hatsi a rumbu, ku taho da shinkafa da wake da garin tuwo da kuka da daddawa, Hajiya ta riƙa sa muku na safe da na dare, na rana a ci a waje don yara su ɗanɗana gurasa da tsiren birni. Gishirin abincinka ma yana hannun wadda ta san ciwonka. Kada dai hutun ya zama kowa ya huta ban da ita, 'yan matan su kama mata. Kuma kada ka tura wa kowa cikakken kuɗi saboda hoton da ka gani a Facebook ko WhatsApp. Sai naka ya shiga gidan, ya ga mai kula da shi, sannan a ba da kafin alƙalami, a cika ranar da kuka karɓi makulli.

Daga Nassarawa abubuwan gani duk a kusa suke. Gidan Ɗan Hausa yana nan cikin unguwar, gidan da Baturen nan Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana kan Ahmadu Bello Way. Ku ware wa cikin gari yini guda: Gidan Makama da ke daura da fadar Sarki, marinar Ƙofar Mata da ake danganta kafuwarta da 1498, da Kasuwar Kurmi da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Dutsen Dala da sassafe ake hawansa kafin rana ta yi zafi, kai kuma ka hau a hankali ko ka jira su a ƙasa. Gidan Zoo da Ado Bayero Mall duk a Zoo Road suke, rana ɗaya ta ishe su. Babban kuma, tun da ya kusa gama sakandare, ka kai shi ya ga Jami'ar Bayero, ya shiga ya ga ɗalibai da idonsa. Wannan zai iya yi masa tasirin da nasihar shekara ba ta yi ba.

Fita ɗaya a rana ta isa, ku dawo kafin magariba. Ka bar kowane yaro ya zaɓi inda za a je rana guda. Ka kuma ja musu kunne a kan waya, domin ƙwacen waya a Kano gaskiya ne: ba a fito da ita a cikin adaidaita ko a bakin titi, in kuma an tare mutum ya miƙa, kada ya yi gardama.

Ta biyu daga wata malamar firamare ce a ƙasar Ƙaraye: "Mijina ya rasu, ina da samari biyu, 16 da 14. Yayana yana zaune a cikin birni, ya ce mu zo mu sauka wurinsa. Gidan cike yake da mutane. In na kama masauki zai ji haushi, kuɗin ma da ƙyar ne. Yaya zan yi?"

Malama, Allah ya jiƙan maigidan, ya raya abin da ya bari. Ki sauka wurin yayanki. Yaran da suka rasa uba suna buƙatar su san kawunsu da 'ya'yansa fiye da yadda suke buƙatar ɗaki mai sanyi, kuɗin masaukin kuma ki kashe shi a kansu. Amma ki taƙaita. Kwana uku a gidan da ke cike zumunci ne, mako biyu nauyi ne. Ki kira matar yayan naki da kanki kafin ki taso, domin ita ce za ta ƙara hannu a tukunya, ki faɗa mata ranar zuwa da ranar komawa. Ki riƙo musu tsarabar ƙauye, abin da zai shiga cefane.

Cikin badala, wato tsohon birnin Kano, ba shi da shirun GRA, amma hayaniyarsa ta mutane ce, yara da masu talla da masu wucewa masallaci, kuma lungun da mota ba ta shiga yakan lafa da wuri. Ribarsa ita ce Kurmi da Gidan Makama da babban masallaci duk da ƙafa za ku je. Abin da nake so ki tsaya a kai shi ne makwancin samarin. A gidaje da yawa na cikin gari samari a shago ko soro suke kwana, ƙofarsu a waje, babba bai san shigarsu da fitarsu ba. Ki tambayi yayanki kai tsaye inda za su kwana da wanda za su kwana tare da shi. In shagon ne, ki roƙa a shimfiɗa musu a falo ko a cikin gida. Baƙon yaro ɗan ƙauye yana son a ce ya waye, kuma duk wanda ya fara jansa a majalisa shi zai bi. Babu kunya a wannan tambayar, ɗan'uwanki ne, zai gane.

In kina tunanin ɗaga tafiyar zuwa Sallah don su ga hawa, ki fara tabbatarwa za a yi. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024, amma a shekarun nan an sha dakatar da shi.

Ta ƙarshe daga wani ɗalibi ce a ƙasar Jahun: "Shekarata 16. Baba ya ce Dutse za mu je hutu saboda ba hayaniya, ni kuma Kano nake so. Me zan gani a Dutse?"

Ɗana, Baba bai yi zaɓen banza ba. Dutse ta zama babban birnin jiha ne a 1991, lokacin da aka ƙirƙiri Jigawa, shi ya sa titunanta ke da faɗi ba cunkoso, kuma a can ba sai an sha wahalar neman unguwa mai shiru ba. Wajen Takur da sauran rukunin gidajen ma'aikata duk lafiya lau ne. Wannan yana nufin za a iya barinka ka fita yawo da kanka, abin da da wuya a yarje maka a Kano. Akwai duwatsun da garin ya samo sunansa daga gare su, da tsohon gari na Garu inda fadar Sarki take, da dabinon Dutse, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ka roƙi Baba ku leƙa Birnin Kudu ku ga zanen mutanen da a jikin duwatsun Habude da Mesa.

Kanon kuma kada ka sa ta zama gardama. Ka samu Umma ta tayar masa da zancen a lokacin da ya huta, a roƙi yini ɗaya kawai: motar asuba daga Dutse ta bi ta Wudil ta sauke ku a Unguwa Uku, ku yi Zoo Road da Kurmi, ku juyo bayan la'asar ku kwana a Dutse.