Karen Zama Cikin Ɗaki: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon sun karkata ga kare, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce aka sauya wa riga: wane iri ne mai sauƙin kuɗi da zai iya zama da mutane a cikin ɗaki? Na tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Wani manomi da ya daɗe yana kiwon kaji da tumaki ya ce ya koma gidan haya a saman bene, ɗaki biyu, babu fili. Ya rubuto: "Ina son kare, amma aljihuna ba nauyi. Wanne ya fi araha?"

Malam, kai da ka yi kiwo ka san ba ranar sayen dabba ake sanin tsadarta ba. Ƙaramin kare mai lafiya yakan yi shekara 12 zuwa 15, duk tsawon nan kuwa abu uku ne ke cin kuɗi: cikinsa, gashinsa, da asibiti. Abinci da maganin tsutsa da na kaska duk da nauyin jiki ake auna su, don haka kare mai kilo 30 zai riƙa zarce mai kilo 8 a kashe kuɗi kowane wata har ƙarshen rayuwarsa. Ka nemi wanda idan ya gama girma zai tsaya tsakanin kilo 5 zuwa 15, mai gajeren gashi, mai hanci dogo yadda aka san hancin kare, mai ƙafafu daidai jikinsa. Yawancin waɗanda suka cika wannan sharaɗi ruwa-biyu ne marasa takardar asali, kuma ni su nake fara ba mutum shawara a kansu. Ba a yi ta haɗa uwa da ɗa ko wa da ƙanwa don a fitar da wata kama ba, saboda haka wasu cututtukan gado ba su cika taruwa a jikinsu ba. In ka samu wanda ya shekara ɗaya ko biyu ma ya fi: girmansa ya tsaya, halinsa ya fito fili, ya wuce lokacin tauna takalmi da wayar wuta.

In kuwa sai mai suna kake so, Chihuahua na ƙasar Meziko ba ya wuce kilo 3, cinsa kaɗan ne, yana kuma da tsawon rai. Aibinsa yawan haushi da ciwon haƙori, ga ƙashi marar ƙwari, ba na gidan da ƙananan yara ke guje-guje ba ne. Dachshund, mai dogon baya da gajerun ƙafafu, wanda aka fitar a Jamus don shiga rami, kada ka kai shi bene. Ciwon ƙashin baya ya yi musu yawa, hawa da saukar matakala kuwa ƙara masa nauyi suke yi. Kuma kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. Jack Russell ɗan mitsitsi ne, amma idan bai yi gudu ya gaji ba kujerunka za su biya. Greyhound kuwa dogo ne, a fili yana gudun kusan kilomita 70 a awa, amma in ya sha iskarsa ya dawo, kwanciya yake yi yawancin yini.

Wata Hajiya ta ce ta ga Pug da Bulldog na Faransa a bidiyo, fuskarsu ta burge ta, an kuma gaya mata ba sa son motsi, don haka su ne daidai da ɗaki.

Hajiya, ki yi haƙuri, a nan zan tsaya na daɗe, domin wannan ce tambayar da ta fi damuna. Ba ƙin motsi suke yi ba, numfashi ne ba ya isarsu. An daɗe ana zaɓen masu gajeren hanci ana haɗa su har ƙashin fuskar ya shige ciki, amma naman da ke cikin baki da maƙogwaro bai ragu tare da ƙashin ba. Ganɗa ta yi tsawo tana toshe hanyar iska, ƙofofin hanci sun tsuke. Ki matsa kusa da ɗaya ki duba: inda ya kamata ki ga rami biyu a buɗe, sai ki ga tsaga biyu sirara, in ya ja iska gefen hancin ya lotsa ciki. Wannan minsharin da mutane ke dariya suna ɗauka a waya, kukan dabbar da ke fama ne. Wasu ma a zaune suke barci, ko su ɗora haɓa a kan wani abu, don in suka kwanta sosai iska ta yanke.

Ga inda abin ya fi muni. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska na bi ta kan harshe da cikin hanci mai laima. Wanda aka rage wa hanci an rage masa hanyar sanyaya jiki ke nan. A ɗakin da ya ɗau zafi, ko cikin mota a rufe, cikin ɗan lokaci sai ki ga harshe ya yi duhu, ya faɗi. Shi ya sa kamfanonin jiragen sama da dama ba sa yarda su ɗauke su a ɗakin kaya. Idanunsu sun fito waje, abu kaɗan ke ƙarje su. Ninkin fatar fuska yana tara danshi ya yi wari ya zama gyambo in ba kullum ake gogewa ba. Haihuwa kuma wani tashin hankali ne, domin kan ɗan ya fi ƙugun uwar: wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2010 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na haihuwar Bulldog na Faransa ta hanyar tiyata ce. Ƙasar Holan tun 2019 ta tsananta doka a kan haɗa karnukan da hancinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na tsawon kai ba. To ki gaya mini, dabbar da ake yanka ciki kafin a fito da ita, wadda ƙila sai an yi mata aikin buɗe hanci kafin ta yi numfashi sosai, ina arahar take? Ni ban taɓa ba mai neman sauƙi shawarar ya saye su ba, kuma ba zan fara daga kanki ba.

Wani saurayi yana tambaya ko Husky zai zauna a ɗaki ɗaya in akwai fanka. A'a, ɗana: karen jan kaya ne a ƙanƙarar Saberiya, gashinsa ninki biyu, kuma gudu mai nisa yake nema kullum.

Wani ya ce ya sayi Beagle saboda ƙarami ne mai son yara, yanzu maƙwabta sun kawo ƙara. Ɗan'uwa, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. A Ingila aka fitar da Beagle don bin sawun zomo cikin garke, da kuka yake sanar da mafarauci inda yake, kuma kaɗaici na ƙara masa. Ka riƙa fita da shi safe da yamma, ka bar shi ya shinshina ƙasa ya ƙoshi, kada ka kulle shi yini guda shi kaɗai. Mai neman shiru ya duba Basenji na yankin Kwango, wanda ba ya haushi irin na sauran, yana lasar jikinsa kamar kyanwa, macen kuma sau ɗaya a shekara take neman barbara. Sai dai yana da taurin kai, yana da nasa irin kukan, kuma ba ko'ina ake samunsa da sauƙi ba.

Sai wasiƙar da ta ɓata mini rai. Mai gona ne, ya ga kaska a kunnen ɗan karensa, ya ɗebo maganin feshin da yake yi wa wake ya dama ya yi masa wanka. Karen ya kama dalalar da yawu, jiki na rawa, yana amai.

Alhaji, in har yanzu yana da rai ka sa safar hannu ka wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, ka ɗauki kwalbar maganin ka tafi da su wurin likitan dabbobi yanzu, domin sunan da ke jikin kwalbar ne zai nuna masa allurar da zai yi. Na sha faɗa, maganin gona na gona ne. Fata tana tsotsarsa, kare yana lashe shi, sannan ya zo ya kwanta inda yaranka ke wasa. Garin neman gira ake rasa ido. Ko amitraz da ake yi wa shanu wanka da shi, an hana amfani da shi a kan Chihuahua. Permethrin da ke cikin wasu magungunan kare yana kashe kyanwa in suna gida ɗaya. Maganin tsutsa ivermectin in ya yi yawa yana taɓa ƙwaƙwalwar Collie, karen kiwon tumaki, da danginsa.

Abin da mutane ba su gane ba, kaskar da kake gani a jikin kare ita ce ƙaramar matsalar. Jar kaskar kare tana iya yin rayuwarta gaba ɗaya a cikin ɗaki. Macen ta sha jini ta kumbura, ta saki jiki ta faɗo, ta hau bango ta shige tsaga, a can ta zuba ƙwai dubbai. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe su hau karen, su sauka su yi saɓa, su sake hawa, kuma suna jure watanni ba su ci komai ba. Ka ɗaga labule ka duba saman bango da bayan firam ɗin ƙofa, za ka ga ƙananan ɗigo masu motsi. Ƙuma ma haka take, galibinta ƙwai ne da tsutsa a cikin kafet da shimfiɗa. Don haka ko ka sayi magani mafi tsada ka shafa wa kare, in ba ka taɓa ɗakin ba, bayan sati biyu ko uku kana nan inda kake. Ka wanke shimfiɗarsa da ruwan zafi duk mako, ka share lungu-lungu, ka toshe tsagogin bango. Kullum da yamma ka bi jikinsa da yatsu: cikin kunne, tsakanin yatsun ƙafa, hammata, ƙarƙashin wuya. Wadda ka samu ka kama ta da hantsaki dab da fata, ka ja a miƙe a hankali. Ban da ƙonawa da ashana, ban da kananzir, ban da baƙin mai. Sannan likita ya ba ka maganin kaska na ɗigawa a ƙeya ko ƙwayar haɗiya daidai nauyinsa. In ka ɗaga leɓensa ka ga dadashi ya yi fari, ko fitsari ya yi duhu, ga kasala da ƙin abinci, kaska ta riga ta sa masa cutar jini, ka kai shi asibiti. Kuma kada ka ba shi farasitamol ko ibufurofen naka, suna lalata hanta da ƙoda.

Wata 'yar'uwa ta samu kwikwiyo ɗan sati huɗu da rahusa. Ki bar shi wurin uwarsa sai ya cika sati takwas, ki kuma je ki ga uwar da idonki. Ki tambayi katin rigakafi. Allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, kafin nan kada ya taka inda baƙin karnuka ke kashi. Cutar farbo mai amai da gudawar jini tana kashe kwikwiyo cikin kwanaki, jinyarta ta ninka kuɗin allurar sau da yawa. Allurar haukan kare kuwa daga wata uku ake yi, babu ciniki a kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi ta cizon kare, kuma wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15 ya wuce asibiti.

Mai tambaya kan Poodle: gaskiya ne ba ya zubar da gashi sosai, amma gashin ba ya daina tsiro, aski duk wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi na kanka.

Na ƙarshe ya ce kwikwiyonsa na fitsari a falo, yana dukansa yana tura hancinsa ciki, bai daina ba. Malam, ka ajiye bulalar. Ɗan wata biyu ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa biyu, duka kuwa abin da yake koya masa shi ne ya ɓuya bayan kujera ya yi. Ka fita da shi da zarar ya farka, da bayan ya ci, da bayan wasa, kullum wuri ɗaya, in ya yi ka yaba masa nan take. Inda ya ɓata a ɗaki ka wanke sosai har warin ya fita, in ba haka ba hancinsa zai sake kai shi wurin.